Motsin Jariri a Idon Waya: Yadda Ake Shirya Iyaye Domin Bincike

Jaririn da aka kwantar rigingine, yana farke kuma ba ya kuka, ba ya zama shiru. Hannuwa, ƙafafu, wuya da ƙugu duk suna motsi ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Masanin nan ɗan ƙasar Ostiriya, Heinz Prechtl (1927–2014), ya nuna cewa wannan motsi daga ƙwaƙwalwa yake tasowa, don haka yanayinsa na iya bayyana lafiyarta ko rauninta.

Daga haihuwa zuwa kusan wata 2, motsin mai nauyi ne, kamar jariri na murɗa jiki yana miƙa. Daga wajen mako na 9 zuwa na 20 sai wani ya maye gurbinsa: 'yan ƙananan motsi masu kewayawa a wuyan hannu, idon sawu da wuya, waɗanda za mu kira mutsu-mutsu. A 1997 Prechtl da abokan aikinsa suka buga sakamakon bibiyar jarirai 130 a mujallar Lancet. Daga cikin 70 da mutsu-mutsunsu ya zo daidai, 67 sun tashi lafiya. Daga cikin 60 da ba su yi shi ba ko ya zo a karkace, 57 sun sami matsala, kuma 49 daga cikinsu shanyewar jiki ce mai tasowa daga raunin ƙwaƙwalwa, wadda likitoci ke kira sarebiral palsi.

A ƙasar nan, daɗewar naƙuda da ke hana jariri iska, da shawarar jarirai mai tsanani, suna cikin manyan abubuwan da ke haddasa wannan lalura. Sau da yawa ba a farga sai yaro ya kasa zama ko rarrafe, alhali an fi cin moriyar gashin jiki da atisaye idan an fara da wuri.

Me ya kawo iyaye cikin aikin?

Masu duba wannan motsi ƙwararru ne da aka horar, kuma bidiyo suke kallo. To, wa zai ɗauko musu bidiyon? Masana a Cibiyar Murdoch da ke Malbon, Ostireliya, sun ƙirƙiro manhajar waya mai suna Baby Moves, wasu a Norwe suka yi In-Motion, domin iyaye su ɗauki kimanin minti 3 a gida su aika. Dabarar ta dace da garuruwa irin Talata Mafara, Bakura da Maradun, inda kai jariri wajen likitan yara a Gusau ko Sakkwato ke cin kuɗi da yini guda, ga kuma fargabar hanya. Amma bidiyon da aka ɗauka ba bisa ƙa'ida ba, ƙwararre ba zai iya karanta komai a cikinsa ba.

Ƙidayar makonni

Nan ne aka fi tuntuɓe. Ba daga ranar haihuwa ake ƙirga makonnin ba, daga ranar da ya kamata a haifi jaririn ne, wato cikar ciki mako 40. Alal misali, bakwainin da aka haifa a mako na 32 ya riga lokacinsa da mako 8. Ranar da ya cika mako 20 a duniya, a lissafin bincike ɗan mako 12 ne. Idan aka ɗauke shi da wuri, za a rasa mutsu-mutsu a tayar wa iyaye hankali a banza. Mai katin awo ta huta. Wadda ta haihu a gida hannun ungozoma kuwa, sai ma'aikaciyar lafiya ta zauna da ita su bi watannin Musulunci, da azumi ko salla, har su kusanci lokacin da cikin ya shiga.

Ranar ɗauka

A shimfiɗa zane marar ado a kan tabarma, a kwantar da jariri rigingine da 'yar riga marar nauyi, yadda za a ga tafin hannu da na ƙafa. Ya kasance ya ƙoshi, ba ya jin barci. Da yake ɗakunanmu da yawa ba su da haske sosai, inuwar tsakar gida da hantsi ta fi. Lokacin hunturu kuma a jira rana ta ɗaga. Mai ɗauka ya tsaya ta wajen ƙafafu, ya riƙe waya daga sama, duk jikin ya shiga hoto.

Abu mafi wuya shi ne kame kai. Ba a yi masa wasa, ba a kiran sunansa, ba a kaɗa masa komai, domin da hankalinsa ya koma kan wani abu motsin zai sauya. Uwa Bahaushiya da ta saba saɓa ɗanta ko goya shi da ya motsa, minti 3 na zuba ido zai yi mata tsawo. Saboda haka bayanin baki bai isa ba. A gwada a gabanta, ita ma ta gwada. Idan ya fashe da kuka, a ɗauke shi, a sake wani lokaci.

A ganinmu, kuskure ne a horar da uwa ita kaɗai. Mai ɗan fari tana kunyarsa a gaban manya, kuma kaka ce ke da ta cewa tun daga wankan jego. Wayar ma sau da yawa ta maigida ce, ko ta wani ɗan sakandare a gidan. Duk waɗannan a sa su a zaman.

Izini da amana

Kafin a ɗauki komai, wajibi ne a bayyana wa iyaye da Hausa wanda zai kalli bidiyon, inda za a ajiye shi, da cewa suna iya janyewa ba tare da an rage musu kulawa a asibiti ba. Ba a tura shi zaurukan WhatsApp. A koya musu adana shi a waya har a sami sabis. Mutanen Zamfara ba su manta da rufe layukan sadarwa na Satumba 2021 ba. A kuma faɗa musu tun farko cewa bidiyo ɗaya ba ya yanke hukunci: idan ƙwararre ya ga abin shakka, za a nemi a sake ɗauka bayan mako 2, sannan likita ya duba yaron da hannunsa.

Aikin aji: an haifi jaririya a mako na 34 na ciki. Mako nawa za ta yi a duniya kafin a ɗauki bidiyonta na mako 12?