Lofen Baba Ya Fara Sa Shi Jiri, Ko Mu Canja Masa Taba Mai Sauƙi?

*Likita, ina rubuto maka ne daga Hausa Zongo, nan Tamale. Mahaifina ya haura shekara sittin, kuma tun ina yaro nake ganinsa da lofe. Ba ya shan sigari, yana ma ƙyamarta. Ganye yake saya a kasuwa, baƙi mai kauri, wanda in ya kunna sai duk zaure ya ɗauka. Kullum maganarsa ita ce tabarsa ta gona ce, ba a zuba mata komai ba, kuma shi ba ya haɗiye hayaƙi. To kwanan nan in ya sha, musamman da safe kafin ya karya, sai jiri ya kwashe shi, ya yi ta shaƙuwa, gumi ya keto masa. Wani abokina da ke zuwa Kumasi ya ce akwai tabar lofe ta gwangwani daga Turai, mai ƙamshi, marar ƙarfi. In saya masa ita?*

Allah Ya saka maka da alheri da wannan kulawa, Ya ƙara wa Baba lafiya. Amsata a taƙaice: kada ka saya. Riƙe kuɗinka, akwai inda za su fi amfani a wannan makon.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarka shi ne "kwanan nan". Jiri da shaƙuwa da gumi mai sanyi da tashin zuciya, duk alamu ne na sinadarin nikotin in ya yi wa jiki yawa, kuma sabon shiga ne aka fi sani da su. Mutumin da ya shafe shekaru da lofe a baki jikinsa ya riga ya saba. In irin wannan ya wayi gari yana jiri, ɗayan biyu ne: ko dai ganyen da ya samu yanzu ya fi na da ƙarfi, ko kuma jikin ne ya canja. Na biyun ne abin tsoro. Nikotin yana matse hanyoyin jini, yana ƙara bugun zuciya, yana ɗaga jini. Zuciyar ɗan shekara talatin takan shanye wannan, ta ɗan shekara sittin da wani abu kan fara nuna gajiya. Don haka kafin mu shiga zancen taba, a kai Baba a auna masa jini da suga, likita ya saurari zuciyarsa, a cikin kwanakin nan. In kuwa jirin ya zo da ciwon ƙirji, ko numfashi sama-sama, ko nauyin harshe, ko mutuwar hannu, ba a jiran gari ya waye, sai Asibitin Koyarwa na Tamale kai tsaye.

Yanzu batun ƙarfi. Mashaya taba suna haɗa abubuwa biyu su kira su da suna ɗaya. Akwai ƙarfin da baki da hanci ke ji, wato kaurin hayaƙi da ɗaci da ƙauri da maƙaƙin da ke kama maƙogwaro. Akwai kuma ƙarfin da jini ke ɗauka, wato yawan nikotin. Ba dole ne su tafi tare ba. Daddawa tana cika gida da wari amma ba ta ƙona harshe, barkono kuwa ba ka jin sa daga nesa sai ya shiga baki. A cikin tabar gwangwanin da abokinka ke magana akwai wani ganye da ake kira Latakia, sunan wani gari ne a gaɓar tekun Siriya. Ana busar da shi watanni a kan hayaƙin itace har ya yi baƙi ƙirin, warinsa kamar na gobarar daji, amma nikotin ɗinsa bai taka kara ya karya ba. Akwai Burley, wanda ake shanyawa a inuwa, ɗanɗanonsa lami, ga shi kuwa da nikotin mai yawa, kuma da shi ake yin yawancin masu ƙamshin nan domin yana shan kayan zaƙi da turaren da ake zuba masa. Akwai Perique na jihar Louisiana a Amurka, wanda ake danne shi cikin ganga ya ruɓa cikin ruwan jikinsa kusan shekara, ana barbaɗa shi kaɗan-kaɗan saboda yajinsa. To ka ga mutum na iya buɗe gwangwani ya ji ƙamshin alewa, ya ce wannan ai ta yara ce, alhali jininsa na karɓar abin da ya saba karɓa.

Me ke sa ganyen kasuwa ya bambanta daga wannan saye zuwa wancan? Nikotin a saiwa ake yin sa, sannan ya hau zuwa ganye, kuma ganyen sama ya fi na ƙasa tara shi. Manomin da ya karye kan tabar kafin ta yi fure yana tura ƙarfin shukar cikin ganye, sai ya yi kauri, nikotin ya ƙaru. Taki mai yawa da ƙarancin ruwa su ma suna ƙarawa. Sannan tabar kanta iri biyu ce, kuma duka ana noma su a Afirka ta Yamma. Mai dogon ganye, wadda ake yin sigari da ita, nikotin ɗinta yakan tsaya tsakanin kashi 1 zuwa 3 cikin 100 na busasshen ganye. Gajeruwar, mai faffaɗan ganye da fure rawaya, tana iya kaiwa kashi 9. Mai talla a Aboabo ko babbar kasuwa ba shi da ma'aunin wannan, shi ma sarowa ya yi. Ƙulli biyu masu kama ɗaya, na farashi ɗaya, ɗaya na iya ninka ɗaya.

Sai maganar Baba cewa ba ya haɗiye hayaƙi. Gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar ba ta kai inda yake zato ba. Ganyen sigari da zafin bututu ake gasa shi, sukarinsa na nan a ciki, hayaƙinsa yana da tsami-tsami. A cikin tsami nikotin ba ya iya ratsa fatar baki sosai, shi ya sa mai sigari dole ya zuƙa har huhu kafin ya ji ta. Baƙin ganyen da aka shanya a iska ya yi gumi a tari, sukarinsa ya ƙone, hayaƙinsa ya karkata ɓangaren kanwa. A wannan yanayi nikotin yana sakin jiki, ya ratsa harshe da dasashi da cikin kumatu ya shiga jini, ko da hayaƙin bai wuce maƙoshi ba. Kakanninmu sun gano wannan tun ba su san sunan sinadarin ba: masu tauna taba da masu shaƙar garinta ba don daɗi suke haɗa ta da kanwa ba, don ta fi "kamawa" ne. A Sudan haka suke yin tumbak, gajeruwar taba da kanwa, kuma likitocin can sun daɗe suna danganta ta da sankarar baki. Wannan maƙaƙin da mai lofe ke yabo, yana cewa taba ta amsa sunanta, shi ne ke hana shi haɗiyewa, kuma shi ne alamar cewa bakinsa na sha. Miyan da yake haɗiyewa kuwa shi ke tayar da shaƙuwa da tashin zuciya, balle a ce ciki babu komai.

A nan ne canja wa Baba taba mai laushi zai iya zama gyaran gangar auzinawa. Jikin da ya saba da wani adadi na nikotin sai ya nemi cikonsa. In hayaƙin ya yi sauƙi, mutum yakan ƙara yawan cika lofe, ya riƙa ja da sauri, kuma da yake ba ya shaƙe shi, ya fara sauke shi huhu bai sani ba. Haka aka gani da sigarin da kamfanoni suka riƙa tallatawa da sunan "marar nauyi" shekara da shekaru, har aka zo aka hana amfani da irin waɗannan kalmomi a jikin kwali a ƙasashe da yawa. Yarjejeniyar taƙaita shan taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda Ghana ta amince da ita a 2004, ta yi magana a kan wannan yaudara ƙarara.

"Ba a zuba mata komai ba" ita ce hujjar da na fi ji a bakin dattawa, kuma na fahimci inda ta fito. Taba ta daɗe a ƙasashenmu. Tun a 1607 Shehu Ahmad Baba na Tambutu ya rubuta fatawa a kanta, kuma malamai suka yi ta ja-in-ja a kai ƙarni bayan ƙarni. Abin da mutum ya tarar kakansa na yi, ya ga ana noma shi a bayan gida, da wuya ya ɗauke shi guba. Amma cutar taba ba kamfani ke zuba ta ba. A cikin ganyen take, wasu sinadaran masu jawo sankara suna samuwa ne lokacin shanya da ruɓawa, sauran kuma wuta ke haifar da su. Duk ganyen tabar da aka ƙona yana fitar da dubban sinadarai, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna jawo ciwon daji. Tun a 1795 wani likitan Jamus mai suna Sömmerring ya lura da yawan sankarar leɓe a wurin masu lofe, daidai inda suke ɗora bakinsa. A 2004 Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Amurka ta fitar da sakamakon bibiyar maza sama da 138,000 na tsawon shekaru, inda ta gano cewa masu shan lofe kaɗai, waɗanda ba su taɓa sigari ba, haɗarin mutuwarsu da sankarar huhu ya ninka na marasa shan taba sau biyar. Na maƙogwaro ya ma fi haka. Lofe bai kai sigari ɓarna a huhu ba, wannan gaskiya ne, amma abin da ya rage wa huhu, baki da maƙoshi ne ke biya.

Saboda haka ka nemi dabara ka duba bakin Baba da tocila, ko ka sa likitan haƙori ya duba. Abin nema: gyambon da ya wuce mako biyu zuwa uku bai warke ba, farin tabo ko ja wanda ba ya gogewa, ƙulli a harshe ko a wuya, dashewar murya da ta ƙi tafiya, wahalar haɗiya. Goro yana rina baki, yana ɓoye irin waɗannan, don haka a kurkure kafin a duba. Tarin da ya wuce mako biyu kuma kada a ɗora wa hunturu laifi, a je a yi gwajin tarin fuka, kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Maganin gaskiya dai shi ne ajiye lofen, na kuma san faɗa ya fi yi sauƙi. Kada ka tunkari mahaifinka da wa'azi, ɗa ba ya yi wa uba faɗa ya ci riba. Ka bi ta hannun wanda yake jin nauyinsa, amininsa ko limamin unguwa ko likitan da zai auna shi, kuma jirin nan da ya tsorata shi ƙofa ce da ta buɗe. A sa rana. Masu azumi sun riga sun san suna iya wuni ba taba, shi ya sa Ramadan ke yi wa da yawa sauƙi, amma in watan da nisa kada a jira shi. Kwana uku na farko su ne masu zafi: fushi ba dalili, rashin barci, ciwon kai, yawan jin yunwa. Mutanen gida su yi haƙuri da shi. Yawanci cikin mako biyu zuwa huɗu abin yakan lafa, kuma kowace sha'awa in ta taso mintoci kaɗan take yi ta wuce. Mai lofe yana kewar abin riƙewa a hannu da baki kusan kamar yadda yake kewar nikotin, asuwaki da carbi suna taimakawa a nan fiye da yadda ake zato.

Akwai magunguna da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su a ƙa'idojinta na 2024, ciki har da cingam da filastar nikotin da wasu ƙwayoyi. Ga mai shekarun Baba, wanda ba a riga an san halin zuciyarsa ba, likita ne zai zaɓa, ba mai kemis ba. In an ba shi cingam ɗin, kada ya sha sobolo ko lemo ko wani abu mai tsami minti 15 kafin ya tauna, domin tsami na hana nikotin ratsa baki, kamar yadda na bayyana a sama.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa wa mutanenmu ba: hayaƙin taba yana sa hanta ta riƙa narkar da sinadarin da ke cikin goro da shayi da sauri. In aka daina taba, cikin 'yan kwanaki hantar na komawa tafiyarta ta asali, sai goron da Baba ya saba ci ya zama kamar ya ci ninki biyu. Zuciya ta yi ta bugawa, barci ya ƙaurace, hannu ya yi rawa, mutum ya ce rashin taba ne zai kashe shi, ya koma. Da yawa kuma goron suke ƙarawa don maye gurbin lofe, su ƙara dagula lamarin. A rage goro da ataya zuwa rabi a makonnin farko. In yana shan wani magani na kullum, musamman na asma ko na ƙwaƙwalwa, a gaya wa likita cewa ya daina taba, don wasu sai an sake musu awo.

Kafin ranar ta zo, akwai abin da za a fara daga gobe. Kada ya kunna lofe ciki babu komai. Da ya ji jiri ya ajiye, ya zauna a inda iska ke kaɗawa, ya sha ruwa, kada ya hau babur. Kuma lofen ya fita daga zaure da ɗaki. Dokar Lafiyar Jama'a ta Ghana ta 2012 ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a, amma ba ta shiga cikin gida, nan kuwa jikoki ke rarrafe, nan iyali ke zaune. Dattijon da ba zai bar taba don kansa ba sau da yawa yakan fitar da ita waje in an ce masa saboda ƙirjin jikansa ne, kuma wanda sai ya tashi ya fita kafin ya kunna, shan nasa kan ragu da kansa.