Motor King ɗina Ya Shekara Ba a Tayar da Shi Ba

To, mai sauraronmu daga Yendi, mun ji tambayarka. Kada ka yi gaggawar murza shi. Tsohon fetur kan daskare ya toshe kabureta, saboda haka ka zubar da na tanki, ka canja baƙin mai da fulogi, a duba baturi da birki.

Sai taya, wadda ita ce ranka a hanyar Salaga ko Bawku idan damina ta sauka. Duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta: misali 2323 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2023. Tayar da ta tsattsage a gefe, ko haƙoranta na nan, ta gama aiki. Nemi mai manyan haƙora daidai girman ta asali, kuma don Allah Malam ka guji 'yar gwanjo.