Hita, Tukunyar Da Ba Ta Bukatar Itace

Idan hunturu ya kama, daga watan Disamba har zuwa Fabrairu, ba abin da yaro ya ƙi jini kamar wankan safe da ruwan randa. A gidaje da yawa uwar gida takan tashi tun da assalatu, ta hura wuta, ta ɗora tukunya bisa murhu, ta sirka wa yara ruwa. Amma a inda wutar lantarki ta shiga, akwai wata tukunya wadda ba ruwanta da itace ko gawayi. Ita ce ake kira hita.

Hita iri biyu ce. Akwai ƙarama, watau wani murɗaɗɗen ƙarfe mai mariƙin roba, wanda akan tsoma cikin bokiti. Akwai kuma babba, farar tukunya rufaffiya da akan kafe a bangon banɗaki, wadda takan ci ruwa lita 30 ko 50, wata ma har 80. Bututu biyu gare ta, ɗaya yana shigar da ruwan sanyi, ɗaya yana fitar da na zafi. A cikinta akwai ƙarfe irin na ƙaramar. In lantarki ya ratsa siririyar wayar da ke cikin ƙarfen nan sai ya yi zafi, shi kuma ya ɗumama ruwan.

To, wannan tukunya ta haɗa abu biyu waɗanda ba su ga maciji da juna, watau ruwa da lantarki. Lantarkin da ake kawowa gidaje a Nijeriya ƙarfinsa wajen bolt 230 ne, ya isa ya tsai da zuciyar ƙato, balle ta yaro. Jiƙaƙƙen jiki kuwa buɗaɗɗiyar hanya ce gare shi. Saboda haka maƙera suka sa wa babbar hita masu gadi, aikin maigida kuwa shi ne ya tabbata ba su yi barci ba.

Na farkonsu wayar ƙasa ce, mai launin kore da rawaya. Ana ɗaura ta a jikin tukunyar, ta bi har zuwa wani sandan jan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa. In wata waya ta salluɓe ta taɓa jikin tukunyar, sai lantarkin ya bi wannan hanya ya shige ƙasa, maimakon ya bi ta jikin mai wanka. Duk ran da mutum ya taɓa kan famfo ya ji wani ɗan zirr a yatsa, to, kada ya ce ba kome. A kashe wutar nan take, a kira mai aikin wuta wanda ya san aikinsa.

Na biyu wata 'yar na'ura ce mai auna zafi, wadda kan yanke wutar da kanta in ruwan ya kai inda aka tsayar mata. An fi so a tsayar da ita wajen digiri 60. In aka rage ƙwarai, har ruwan ya zauna da ɗumi-ɗumi kwana da kwanaki, wata ƙwayar cuta mai kama huhu takan hayayyafa a ciki. An fara gane ta ne bayan ta kama tsofaffin sojoji da suka taru a birnin Filadelfiya ta Amurka cikin 1976. Amma fa ruwa mai digiri 60 yana iya ƙone fata cikin 'yan daƙiƙoƙi. Shi ya sa mai hankali yakan fara zuba ruwan sanyi a bokiti, sa'an nan ya sirka da na zafi.

Mai gadi na uku shi aka fi rainawa, don ƙanƙane ne. Wani bawul ne mai ɗan hannu, a jikin bututu. Ruwa in ya yi zafi yakan kumbura kaɗan, ga tukunya rufaffiya, saboda haka bawul ɗin yakan saki ɗigo-ɗigo lokacin da ake ɗumamawa. Wani maigida in ya ga ɗigon nan sai ya ce tukunya tana yoyo, ya sa a toshe. Wannan kuwa ganganci ne babba. Gwangwani ɗaya na ruwa, in ya zama tururi, yakan nemi wurin gwangwani wajen 1,700. In na'urar auna zafi ta lalace, ruwa ya yi ta tafasa, ƙofar fita kuma a toshe, tukunyar tana iya fashewa har ta rushe bango. Duk bayan 'yan watanni ya kamata babba ya ɗaga ɗan hannun nan ya ga ruwa ya fito, ya sake shi ya ga ya tsaya.

Ruwan rijiya da na burtsatse sukan zo da laka da farin ɓawo, irin wanda akan gani a gindin butar shayi. In ɓawon ya lulluɓe ƙarfen ɗumamawa, sai tukunyar ta riƙa gurnani, ruwa ya daɗe bai yi zafi ba, kuɗin wuta ya ƙaru. Maganinsa shi ne a wanke ta sau ɗaya a shekara. A kashe wuta, a rufe famfo, a bari ta huce, kana a tsiyaye ruwan. A lokacin ne mai gyara zai duba wani sanda mai laushi da ke ciki, wanda aka sa don tsatsa ta ci shi ta ƙyale tukunyar. In ya cinye a sake sabo. Ba a kunna wuta sai tukunyar ta cika, har ruwa yana zuba sosai ta famfon zafi, gama ƙarfen in ya yi zafi ba ruwa, nan da nan yake ƙonewa.

Ƙaramar hita ba ta da masu gadin nan, ita ce kuwa ta fi yawa a hannun mutane. Sai an tsoma ta cikin ruwa ake kunnawa, sai an kashe an zare daga soket ake cire ta. Ba a sa yatsa cikin bokiti don a ji ko ruwa ya yi zafi alhali tana kunne. Ba a cusa tsirarar waya cikin soket a danne da tsinken ashana. Babban haɗarinta kuwa shi ne ɗauke wuta. Sau da yawa akan kunna ta da dare, a ɗauke wuta, mai ita ya manta ya kwanta. Can da tsakar dare a dawo da wuta, ruwa ya tafasa ya ƙone ƙurmus, bokitin roba ya narke ya kama, ga iskar hunturu tana jira. Don haka da an ɗauke wuta, abin da za a fara yi shi ne a zare ta.

In wuta ta ja wani, kada a kama shi da hannu, don za ta haɗa da mai ceton. A ruga a kashe babban makunnin gida, ko a ture wayar da busasshen sanda, sa'an nan a kai shi asibiti ko da ya ce ya warware. In kuwa ruwan zafi ne ya ƙona yaro, a yi ta kwarara ruwan sanyi a wurin har minti 20. Kada a shafa manja ko ɗanyen ƙwai. A rufe da tsabtataccen ƙyalle, a tafi wurin likita.