Yaronka Yana Karatu, Ko Haddace Ya Yi?

Bayan kaka na ziyarci wani ɗan'uwa manomi a wani ƙauye kusa da Malumfashi. Da muka gaisa, ya kira ɗansa mai aji huɗu, ya ce, "Kawo littafinka ka karanta wa Malam." Yaron ya buɗe littafin Turanci, ya zuba karatu kamar ruwa, uban kuwa yana murmushi. Sai na sa yatsa a kan kalma guda a tsakiyar shafi, na ce, "Ɗana, wannan fa?" Ya yi shiru. Na rubuta a ƙasa da Hausa, "Kaza ta shiga rumbu." Ya duba, ya sunkuyar da kai. Ashe abin da aji suke rerawa tare ne ya haddace.

'Yan'uwa, wannan abu ba a gida ɗaya yake ba. A 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa suka kimanta cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, yara 7 cikin 10 masu shekara goma ba su iya karanta ɗan gajeren labari su gane shi ba. Bari fa mu bincika yadda karatu yake tsirowa cikin yaro, domin mu san inda za mu taimaka.

SHANU BIYU, GARMA ƊAYA

A 1986 masana biyu, Gough da Tunmer, suka bayyana cewa gane karatu yana bukatar abu biyu tare. Na ɗaya, yaro ya iya mai da haruffa su zama kalma. Na biyu, ya san ma'anar maganar da kalmomin suka ɗauko. Kowane manomi a ƙasarmu ya san garmar shanu. Idan sa ɗaya ya kwanta, kome ƙarfin ɗayan, kunya ba za ta tashi ba. Haka karatu yake. Yaron da ya san magana amma bai san haruffa ba, takarda bebiya ce a gare shi. Wanda kuwa ya san haruffa amma bai ji harshen ba, aku ne kawai.

MATAKAI HUƊU

1. Kunne da baki. Karatu yana farawa tun yaro bai ga allo ba. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, da kacici-kacici, da hira a bakin murhu, su ne suke cika rumbunsa da kalmomi. Daga tatsuniya yake koyon cewa labari yana da farko da tsakiya da ƙarshe, kowane abu kuma yana da dalili. Uwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya aza wannan harsashi.

2. Harafi da sautinsa. Yaro ya gane cewa "masara" gaɓa uku ce, ma-sa-ra, kowace gaɓa kuma tana da alamarta a takarda. A nan Hausa ta yi mana alheri, gama yawanci harafi ɗaya sauti ɗaya ne. Wanda ya san ba, be, bi, bo, bu, ya kama hanya. Amma a lura da haruffa masu lanƙwasa. "Kafa" dabam, "ƙafa" dabam. "Daka" dabam, "ɗaka" dabam. Kada malami ya wuce su da gaggawa.

3. Karatu a sake. Da fari yaro yana tafiya harafi harafi, duk ƙarfinsa yana ƙarewa a nan. Kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta da farkonta. Sai ya yi ta karantawa kowace rana har ido ya saba da kalmomi, sa'an nan hankalinsa ya sami sarari ya bi ma'ana. Ba wata dabara sai yawan yi, kuma ba ya yiwuwa in ba littafi a hannunsa.

4. Ganewa. A nan ya kamata mu dakata, gama rubutun Hausa ba ya nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya. Dubi kalmar "gari". Ko garin Funtuwa ne, ko garin tuwo? "Kuka" fa, itace ne, ko hawaye? "Wuya" kuma, na jiki ne, ko wahala? A baki sun bambanta, a takarda kuwa kamarsu ɗaya. Idan an rubuta, "Ladi ta kai gari kasuwa," sai yaron da yake bin ma'ana ne zai faɗi kalmar daidai. Wannan alama ce mai kyau ga iyaye: in ka ji ɗanka ya faɗi "gari" da muryar da ba ta dace ba, bai kuwa koma ya gyara ba, ka sani bakinsa ne kaɗai yake aiki.

DA WANE HARSHE ZA A FARA?

Dukanmu muna so 'ya'yanmu su ji Turanci, wannan kuwa daidai ne, gama da shi za su rubuta jarrabawa. Amma a yi tunani: yaron da aka ba shi littafin Turanci tun rana ta fari, kaya biyu aka aza masa, sababbin haruffa da baƙon harshe. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokansa suka fara wani gwaji a Ife, inda aka koyar da yara da Yarabanci dukan shekara shida na firamare, Turanci kuwa darasi ne dabam. Yaran nan ba su kasa 'yan'uwansu a Turanci ba. Dalili a fili yake: sau ɗaya mutum yake koyon asirin haruffa, sa'an nan ya ɗauke shi zuwa wani harshe. Iyayenmu ma ta wannan hanya suka bi a zamanin Yaƙi da Jahilci: da Hausa suka fara, har suka iya karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo da Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Ko da wane harshe makaranta take koyarwa, ba mai hana ka koya wa ɗanka karatun Hausa a gida.

ABIN DA ZA MU YI

Ka gwada ɗanka a wannan mako, da taushin hali, ba da bulala ba. Rubuta jimla uku da bai taɓa gani ba, a kan abin da ya sani, kamar akuya ko ranar kasuwa. Ya karanta, a rufe takardar, sa'an nan ka tambaye shi: Wa ya yi? Don me ya yi? Me kake tsammani zai faru? In kai ba ka iya karatu ba, yayansa ko maƙwabci ya rubuta, kai ka yi tambayoyin.

In ya kasa, kada ka ce daƙiƙi ne. Nemi matakin da ya tsallake, ku koma can. Ka je ka ga malaminsa cikin ladabi, gama malami ɗaya da aji cike maƙil ba zai iya jin karatun kowane yaro kullum ba. A ware ɗan lokaci kowace yamma, har da lokacin damina da aikin gona ya yi yawa, 'yan mata kuma kada a bar su a baya saboda talla. Wata rana yaron nan ne zai karanta maka gargaɗin da ke jikin kwalbar maganin feshi, da yawan maganin da likita ya rubuta wa ƙanwarsa. A ranar nan hadda ba za ta cece ku ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

TAMBAYOYI DOMIN BINCIKE

1. Waɗanne abubuwa biyu ne suke jan garmar karatu?
2. Ka kawo kalmomin Hausa uku masu rubutu ɗaya, ma'ana biyu.
3. Littattafai nawa ne a gidanka waɗanda ƙaramin yaro zai iya karantawa da kansa?