Zuciyarki Da Goyon Ciki: Me Ya Sa Ba a Wasa Da Haki?

Ya ke mai juna biyu, ki sani cewa kafin ki haihu jinin jikinki zai ƙaru da kusan kashi 40 zuwa 50 cikin 100. Zuciyarki ce ke tura wannan jini dare da rana, domin ke da abin da ke cikinki.

Yadda zuciya ke gyara kanta

Idan kika yanke a hannu, fata tana tofowa cikin kwanaki. Tsokar zuciya ba haka take ba. A shekarar 2009 masana a ƙasar Suwidin sun gano cewa kashi 1 cikin 100 kacal na ƙwayoyin tsokar zuciya ke sabuntuwa a shekara ga mai shekara 25.

A cikin kowace ƙwaya akwai wasu 'yan saƙo da ake kira RNA, masu isar da umarnin abin da ƙwayar za ta ƙera. Yawancinsu kamar zare suke, amma wasu bakinsu biyu ya haɗe kamar zobe, shi ya sa suke daɗewa ba su lalace ba. Tun wajen 2012 aka fahimci suna da yawa a jikin ɗan'adam, har da zuciya. Gwaji a kan ɓeraye ya nuna wasunsu na taimaka wa ƙwayoyin zuciya su hayayyafa bayan rauni. Amma har yanzu ba a samu magani daga gare su ba. Saboda haka kariya da zuwa asibiti da wuri su ne makaminmu.

Ciwon zuciya na haihuwa

Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura cewa wannan ciwo ya yi yawa a ƙasar Hausa. Yakan zo a watan ƙarshe na ciki ko cikin wata 5 bayan haihuwa. Tsokar zuciya ta yi rauni, ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. Alamominsa:

1. Haki bayan ɗan aiki kaɗan.
2. Kasa kwanciya sai an tara matasan kai.
3. Tari da dare.
4. Kumburin ƙafa ko ciki.
5. Faɗuwar gaba da kasala.

Abin yi

Ki riƙa zuwa awo a duba hawan jini. Ki ci wake, ƙwai, kifi da ganye. Ki rage gishiri da kunun kanwa, domin suna tara ruwa a jiki.

Maigida da iyaye, kada ku ce gajiyar jego ce, a jira arba'in. Ko daga Kiyawa, Jahun ko Birnin Kudu kuke, ku kai ta asibiti mafi kusa ranar da kuka ga alama, ko ku kawo ta nan Dutse a yi mata hoton zuciya. Mata da dama zuciyarsu na farfaɗowa idan an fara magani da wuri. Wadda ta taɓa yin ciwon kuwa, kada ta sake ɗaukar ciki sai da shawarar likita.

Allah Ya sauke ki lafiya.