Dakuwa: Yadda Ake Haɗa Ta a Gida da Kare Ta Daga Gubar Funfuna

Gabatarwa

Idan ka tsaya a ƙofar makarantar firamare a unguwar Bagadaza cikin garin Gombe lokacin da yara suka fito tara, za ka ga inda 'yan kuɗin da iyaye suka ba su ke tafiya. Yawanci alewa ce da biskit da lemon leda, abubuwan da ke cika baki da zaƙi amma ba su ƙara wa jiki wani abin kirki. Alhali a rumbun manomi akwai gyaɗa da masara da gero, waɗanda da su ake yin dakuwa. Dakuwa ba a gasa ta, ba a soya ta a mai, ba ta bukatar firij. Turmi da taɓarya da kasko sun ishe ta.

Wannan darasi na malamin gona ne da manomi da uwargidansa. Zai nuna maka yadda ake haɗa dakuwa mai gina jiki. Amma mafi yawansa zai tsaya ne a kan gyaɗar da ake zubawa a turmi, domin a nan ne dakuwa ke zama abinci, a nan ne kuma take iya zama cuta.

Amfanin dakuwa ga jiki

A kowane giram 100 na gyaɗa akwai kimanin giram 25 na furotin, wato sinadarin gina jiki, sannan kusan rabin nauyinta mai ne. Masara da gero kuwa furotin ɗinsu bai kai rabin na gyaɗa ba, ƙarfinsu yana wajen sitaci. Idan aka haɗa su, ɗan curi ƙarami yakan riƙe cikin yaro har a tashi daga makaranta. Ka tuna cewa cikin yaro ƙarami ne, ba ya iya cin tuwo mai yawa a zama ɗaya. Saboda haka abin da ya fi dacewa da shi tsakanin kalaci da kalaci shi ne abinci kaɗan mai ƙarfi da yawa.

Wannan hikimar ce aka bi a Faransa a shekarar 1996 aka ƙirƙiro Plumpy'Nut, abincin nan na leda da ake bai wa yara masu tamowa, wanda aka yi amfani da shi sosai a Jamhuriyar Nijar lokacin yunwar 2005. Tushensa markaɗaɗɗiyar gyaɗa ce da sukari da garin madara da mai, sai sinadaran bitamin da aka auna aka zuba. Sai dai kada ka bari wani ya ɗauka dakuwa za ta maye gurbinsa. Yaron da ya rame ƙwarai, ko ƙafafunsa suka kumbura, asibiti za a kai shi. Dakuwa ta yaro mai lafiya ce, don ya ci gaba da zama lafiya.

Gubar da ba a gani

Akwai wata funfuna da masana ke kira Asfajilus filabus. Tana zaune a cikin ƙasar gona, tana kama gyaɗa da masara, ta bar musu guba mai suna afulatoksin. An gano wannan guba ne bayan abin da ya faru a Ingila a 1960, inda talo-talo kusan 100,000 suka mutu bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil. A 2004 kuma, a gabashin Kenya, mutum 317 suka kamu da ciwo bayan sun ci masarar da ta gurɓace, 125 daga cikinsu suka rasu.

Irin wannan mutuwa ta farat ɗaya ba kasafai take faruwa ba. Abin da ya fi damun masu bincike shi ne ɗan kaɗan ɗin da ake ci yau da gobe. Gubar tana lalata hanta sannu a hankali, tana kuma cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankarar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a ƙasar nan. Wani bincike da aka yi a Benin da Togo, aka wallafa a 2002, ya nuna cewa yaran da gubar ta fi yawa a jininsu su ne suka fi tsumburewa. Don ka gane ƙarfinta, Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci idan gubar ta wuce maikurogiram 4 a kilo ɗaya. Wannan daidai yake da giram 4 a cikin tan 1,000. Amurka ta tsayar da nata a maikurogiram 20.

Abin da ya sa wannan magana ta shafi dakuwa kai tsaye shi ne, da yawa daga cikin mata suna ɗauka suya na kashe komai. Suya tana kashe funfunar, tana kuma rage gubar kaɗan, amma ba ta kawar da ita, domin afulatoksin ba ya wargajewa sai zafi ya haura digiri 230, zafin da gyaɗa za ta ƙone ƙurmus kafin a gama. Bayan haka, da zarar an daka an zuba citta da barkono da zaƙi, babu mai iya bambance ƙwaya mai kyau da ruɓaɓɓiya. Na taɓa tambayar wasu mata masu sana'ar dakuwa da ƙuli-ƙuli wace gyaɗa suke saye. Ɗaya ta ce mini ita fasasshiya take nema, wadda 'yan kasuwa suka ware, tun da ta fi araha kuma daka ta za a yi. Ban ga laifinta ba, lissafin jari take yi, kuma babu wanda ya taɓa gaya mata. Amma wannan gyaɗar da aka ware ita ce matattarar gubar.

Aikin manomi tun daga gona

Funfunar ta fi samun shiga idan ruwa ya ɗauke da wuri, ƙasa ta yi zafi alhali gyaɗa tana cika ƙwaya, ko kuma gara da tsutsa sun huda kwanso. Don haka a shuka da zarar damina ta zauna, a kuma zaɓi iri mai nuna da wuri, kamar SAMNUT 24 da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar a 2011. Akwai kuma Aflasafe na cibiyar IITA da ke Ibadan, wanda aka yi wa rajista a Najeriya a 2014. Ƙwayar dawa ce da aka rina shuɗi, aka lulluɓe ta da irin funfunar da ba ta yin guba, don ta riga mai gubar kama wuri. Ana watsa kilo 10 a hekta ɗaya lokacin da ƙasa ke da laima. Ga masara ana watsawa mako 2 zuwa 3 kafin ta yi fure, ga gyaɗa kuma ka bi umarnin da ke jikin buhun.

Idan gyaɗa ta nuna a cire ta, kada a bar ta ta daɗe a ƙasa. A kife ta, 'ya'yan suna sama harawar tana ƙasa. Bayan an tsige a shanya a kan tamfol ko tabarma, ban da tsurar ƙasa, har sai an girgiza kwanso an ji ƙwaya tana ƙara a ciki. Wasu kan yayyafa wa gyaɗa ruwa kafin a ɓare don kwanson ya yi laushi. Ka hana wannan duk inda ka gan shi, domin mayar da aikin shanya baya ne. A ajiye ta da kwansonta, a ɗora buhunan a kan katako nesa da bango.

Wadda kuma za ta sayo a kasuwa, ko a Tudun Hatsi ko a wajen masu awo na unguwa, ta zura hannu cikin buhu ta ɗebo daga ƙasa, ta shinshina, ta ɓantara ƙwaya biyu ko uku. Busasshiyar gyaɗa karyewa take yi, ba ta lanƙwasa. A ƙara kula a tsakiyar damina, lokacin da gyaɗar bara ce kawai a kasuwa kuma iska cike take da laima.

Tsinta sau biyu

A baza gyaɗar a faifai da rana tsaka, ba da magariba ba. A cire duk wadda ta yamutse, da fasasshiya, da wadda ƙwaro ya huda, da wadda ta canza launi ko ta yi kore-kore. Wannan ita ce tsintar farko. Ta biyu sai bayan an soya an murje jan ɓawon an sheƙe. A lokacin ne za ka ga ƙwayoyin da suka yi kyau a waje amma cikinsu ya yi ɗorawa-ɗorawa ko baƙi. Su ma a cire. Gubar ba ta bazu daidai a cikin buhu ba, a 'yan ƙwayoyi kaɗan take taruwa, shi ya sa tsinta ke rage ta fiye da duk wani abin da za a yi a gida. Haka za a yi wa masara.

Abin da aka tsince kada a bai wa yara, kada a zuba wa kaji ko awaki ko shanu. Gubar tana bi ta nono ta dawo wa mutane. A ƙone shi ko a binne.

Yadda ake haɗawa

Ga ma'aunin da nake amfani da shi, da gwangwanin madara: gyaɗa soyayya gwangwani 3, garin soyayyar masara ko gero gwangwani 2, dabino da aka cire wa ƙwallo gwangwani 1, citta da kanumfari da barkono gwargwadon baki, sai gishiri ɗan kaɗan. Idan ta yara ce a rage yaji ƙwarai.

A wanke masarar a shanya ta bushe sarai, sannan a soya a kasko da wuta marar ƙarfi ana juyawa har ta yi ja ta fara ƙamshi. A soya gyaɗa daban, domin ta fi saurin soyuwa. A bar su su huce. A niƙa masarar da kayan yaji a tankaɗe da rariya mai laushi. Idan inji za a kai, a tabbatar na busasshen niƙa ne, a kuma fara zuba 'yar masara ta wanke shi a zubar da garin farko. A daka dabino shi kaɗai har ya zama kamar danƙo. Sannan a daka gyaɗar har ta fara fitar da mai, a zuba garin da dabinon, a yi ta kirɓawa har su kama juna. Man gyaɗar ne ke haɗa dakuwa. Idan ta ƙi haɗuwa a ƙara kirɓi, ko a ɗiga cokali ɗaya na man gyaɗa. Kada a kuskura a sa ruwa, domin ruwa ne zai sa ta yi funfuna cikin 'yan kwanaki. Daga nan sai a cura ƙanana, kamar girman goro.

Na zaɓi dabino ne don yana zuwa da harza da sinadarai, ba zaƙi zalla ba. Amma shi ma zaƙi ne, kada a cika. Wadda ba ta da shi ta sa sukari rabin gwangwani. Masu dakuwar aya sukan maye garin masara da soyayyar aya, irin wadda ake nomawa da yawa a yankin Maraɗi. Aya tana zuwa da tsakuwa, sai an rege ta sosai an shanya kafin a soya. Ana iya barbaɗa soyayyen riɗi. Haka kuma ana iya cire rabin gwangwani na garin masara a sa na waken soya don ƙarin furotin, da sharaɗin an dafa waken an cire ɓawo an shanya an soya, domin ɗanyen waken soya yana hana jiki narkar da furotin.

Ka lura da cewa daga kasko zuwa bakin yaro dakuwa ba ta sake ganin wuta. Duk dattin da ya shiga a turmi ko a hannu, da shi za a ci. A wanke turmi da taɓarya tun jiya su bushe, a wanke hannu da sabulu kafin a fara curawa, mai gudawa ko mai miki a hannu kada ta taɓa.

Bayarwa da ajiya

Curi biyu sun ishi ɗan makaranta. Yaron da bai cika shekara 3 ba kada a miƙa masa curi, zai iya shaƙe shi. A marmasa a dama masa a kunu. Jaririn da bai kai wata 6 ba nonon uwa kawai yake bukata, kuma ba a sa zuma a abincin wanda bai cika shekara ɗaya ba. Idan yaro ya ci gyaɗa jikinsa ya yi borin jini, ko fuskarsa ta kumbura, ko numfashi ya yi masa wuya, a garzaya da shi asibiti, kada a sake ba shi.

A zuba dakuwa a busasshiyar roba mai murfi, a ajiye a inuwa. Gara a yi wadda za ta ƙare cikin mako guda, da damina ma ƙasa da haka. Idan ta fara maƙaƙi a wuya, man ya lalace, a zubar. Mai sayarwa ta ƙulla a farar leda maimakon ta bar ta a buɗe a tire, wadda kuma ke son kai wa manyan kantuna da tambarinta sai ta nemi rajistar hukumar NAFDAC.

Kai malamin gona, idan za ka koyar da wannan ga ƙungiyar mata, ka tafi da mudu ɗaya na gyaɗar kasuwa da faifai biyu, ka bar su su tsince da hannunsu. Ka auna abin da aka cire da gwangwani a gabansu, sannan ku zauna ku lissafa kuɗinsa a cikin farashin kowane curi, tare da kuɗin icce da niƙa da leda. Matar da ba ta sa kuɗin tsinta a lissafinta ba za ta ga kamar asara take yi, kuma ranar kasuwa ta gaba fasasshiyar za ta sake nema.