Ba Kowane Ciwon Kai Ne Shaƙiƙa Ba

Jama'ar fadamun gabashin Sakkwato, tun daga Madatsar Ruwa ta Goronyo da aka kammala a kan Gulbin Rima a 1984 har zuwa Wurno da ƙauyukan Rabah, sun saba da ciwon kai sabo mai tsanani, domin wanda ya wuni a sunkuye kan albasa da tafarnuwa cikin zafin bazara, ba isasshen ruwan sha, ba barcin kirki, babu makawa kansa ya sara. A cikinsu kuwa akwai masu ciwon ɓarin kai na haƙiƙa, wato shaƙiƙa, mai zuwa da tashin zuciya da ƙin haske. Wannan sabo shi ne musibar da ta sa na ɗauki alƙalami, ni da nake aikin lafiya a ɗan asibitin karkara a wannan ƙasa.

A bazarar da ta wuce aka kawo mini wata yarinya mai cikin fari, wata takwas, a kan babur, an sa ta tsakanin mijinta da surukarta saboda ba ta iya riƙe kanta. Tun tana budurwa an san ta da shaƙiƙa, saboda haka da kai ya sara mata a wannan karon, babu wanda hankalinsa ya tashi. Aka kwaɓa lalle aka shafa mata a goshi, aka dafa citta, da abin ya ƙi sai mijin ya tafi kasuwa wajen wani mai tallar magani da lasifika, irin waɗanda kwalbarsu guda ke warkar da basir da shawara da sanyi da ciwon kai a lokaci ɗaya, ya sayo jiƙo da wani gari na shaƙawa. Ta shaƙa, ta yi ta atishawa har hanci ya yi jini, aka ce ai cutar ce ke fita. Da ta ce tana ganin hazo-hazo, kuma wani abu ya tokare ta a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, sai aka kira wanzami ya yi mata ƙaho a ƙeya. Ƙafafunta da fuskarta sun kumbura tun makonni kafin haka, amma an ɗauka ƙibar ciki ce, awo kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa zuwa ba.

Na auna jininta, na sami 180 bisa 120, fitsari cike da furotin. Ina cikin neman jijiya surukar ta dafa ni ta ce, "Likita, ai tsohon ciwonta na, allura guda za ka yi mata mu koma." Na ce, "Inna, wannan ba shi ba ne." Ban rufe baki ba jijjiga ta kama yarinyar, ta taune harshenta. Muka yi mata magnesium sulphate, muka ba da na saukar da jini, muka sa ta mota zuwa Sakkwato. Allah cikin ikonsa ya tsirar da ita, abin da ke cikin kuwa bai zo da rai ba. Da na karɓi kwalbar jiƙon daga hannun mijin, ba suna, ba lambar NAFDAC, ba ƙa'idar sha, na ɗanɗana na ji kanwa zalla, wato an yi ta ɗura wa mai hawan jini abin da ke ƙara hawan jini, mai tallar kuma yana nan kowace ranar kasuwa yana rantse-rantse da sunan Allah.

Kada wani ya zaci ina gaba da maganin gargajiya ko ɗibbun Annabi, sallallahu alaihi wa sallama. Ya tabbata a Sahihul Buhari, daga Ibnu Abbas, cewa an yi wa Manzon Allah ƙaho a kansa saboda shaƙiƙa, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837 kuma hubbarensa yake can, ya wallafa littattafai a fannin ɗibbu. Amma ɗibbun magabata ilimi ne da ake durƙusawa a karanta, a san illa kafin a ambaci magani, ba sana'ar wanda ya rasa abin yi ya sayi lasifika ba. Wanda aka auna aka tabbatar shaƙiƙa ke damunsa, ni kaina nakan ce masa ya kwanta a ɗaki mai duhu, ya sa tsumma mai sanyi a goshi, ya sha ruwa da yawa, ya sha dafaffiyar citta domin tana kwantar da tashin zuciya, ya shafa man na'ana'a idan ƙamshinsa bai dame shi ba, ya kiyayi yunwa da raba dare da turaren wuta mai ƙarfi, kada ya bar sahur, mai cin goro kuma kada ya yanke shi farat ɗaya.

Amma mai ciki idan kanta ya sara, a auna jininta a ranar. Ba gobe ba. Ba bayan an gwada jiƙo ba. Ciwon kai da zazzaɓi da sanƙarewar wuya sanƙarau ne har sai an tabbatar ba shi ba ne, kuma wanda ya ga annobar 1996 da ta 2017 a ƙasar nan bai kamata a tuna masa ba. Ciwon da ya faɗo lokaci ɗaya wanda mutum bai taɓa jin irinsa ba, ko ya zo da karkacewar baki da mutuwar hannu, ko ya soma wa wanda ya haura hamsin, asibiti kai tsaye.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu zuwa su ɓoye abin da suka sha, sai ka tsananta tambaya sannan a zaro kwalba daga aljihu, alhali lokacin da aka ɓata wajen musu shi ne na ceton rai. Haka nan masu haɗiyar paracetamol da ibuprofen kullum safiya kamar ibada, ba su san wanda ya kai kwana 15 a wata yana sha, maganin da kansa yakan zama sanadin ciwon ba. Na tramadol kuwa ba ni da ta cewa. Garin shaƙawa dai a bar shi. Masu feshin maganin ƙwari a gonakin albasa ba tare da rufe hanci ba, su ma su daina kiran abin da ke samun su shaƙiƙa. Ina kuma sake roƙon magidanta, don girman Allah, su bar matansu su je awo, su kuma riƙo kwalbar duk abin da aka ba mara lafiya idan za su kawo shi.